Baƙin gajimaren da ke tsakanin taurari, ta yaya ake sanin nisanshi tunda ba ya haske?

Wanda ya taɓa kwana a fili can ƙauye, wajen Madarunfa ko Tibiri, a daren damina bayan ruwa ya wanke sama kuma wata bai fito ba, ya san farar hanyar nan da ke ratsa sama tun daga arewa har kudu. Nan cikin garin Maradi fitilu sun yi yawa yanzu, sai ranar da kuran ya ɗauke mutum ke tunawa da ita. Taurari ne, na galaksin da muke ciki, wato ƙaton garken taurarin da ranarmu take ɗaya daga cikinsu, yawansu ya wuce miliyar 100, sun yi nisa har ido ba ya iya rarrabe su ɗaya-ɗaya sai dai ya ga fari-fari. To in ka ƙura mata ido da kyau za ka ga farin bai tahi sumul ba, akwai wani baƙin tsagi da ya raba ta biyu a tsawonta, ga kuma tabo-tabo baƙaƙe nan da can, musamman wajen burujin Akrabu da Ƙausu inda ta fi kauri.

An daɗe ana ɗauka ramuka ne, wato wuraren da babu taurari kwata-kwata. William Herschel, wanda ya gano duniyar Uranus a 1781, haka ya ɗauka lokacin da ya ci karo da ɗaya kusa da Akrabu. Sai da Edward Barnard na Amurka ya kwashe shekaru yana ɗaukar hotunan wuraren nan, ya fitar da jerin guda 182 a 1919, sannan anka fara yarda cewa a'a, ba rami ba ne, wani abu ne ya gitta tsakaninmu da taurarin ya tare haskensu. A 1962 Beverly Lynds ta fitar da nata jerin mai guda 1,802. Abin da ya tare hasken ƙura ce gauraye da iskar gas. Ba irin ƙurarmu ta hunturu ba da ke tasowa daga Bodele can Cadi, wannan ta fi ta laushi nesa ba kusa ba, ƙwayarta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wata dangin dutse ce wata dangin gawayi, kuma a nauyin gajimaren gaba ɗaya ita kashi 1 ce kawai cikin 100, sauran duk gas ne, galibi haidirojin. Amma ƴar ƙurar nan ita ce ke cinye haske. Cikin gajimaren sanyi ya kai digiri 260 ƙasa da sifiri, kuma a nan ake haihuwar sababbin taurari, ranarmu ma daga irinshi ta fito shekara miliyar 4 da miliyan 600 da sunka wuce.

To yaya nisanshi? Tauraro dai yana da haske, ɗigo ne guda, kana iya bin shi ka auna. Shi wanga ba ya haske, ba ya da baki takamaimai da za ka ce nan ya fara nan ya ƙare, ba ka ganin komi sai rashin taurarin da ya kamata a ce suna wurin. Kuma sama ba ta nuna zurfi, na kusa da na nesa duk a shafe suke wuri guda, ƙaramin gajimare da ke nan kusa da ƙato da ke can uwa duniya za su iya rufe fili iri ɗaya.

Wani zai ce to mene ne na damuwa, ko kusa ko nesa ai ba a kanmu zai zubo ba. Abin shi ne duk wani lissafi a kan nisan ya rataya. In ka yi kuskure ka ninka nisan biyu, faɗin gajimaren ya ninka biyu a takardarka, nauyinshi ya ninka huɗu, hasken jariran taurarin da ke ciki shi ma ya ninka huɗu, daga nan shekarun da ka ba su sun kauce, kuma tambayar da ta fi ci wa masu wanga fanni tuwo a ƙwarya, wato shin gajimaren nan nauyinshi ya isa ya durƙushe ya haifi taurari ko kuwa watsewa zai yi, amsarta ta ɓaci tun daga tushe.

Dabarar da kusan duk hanyoyin sunka ginu a kai guda ce, ana barin gajimaren a koma kan taurarin da ke gabanshi da na bayanshi. Ka ɗauka kana tsaye da dare bakin hanyar Ɗan Isa, motoci da ƴan kabu-kabu sun jero suna tahowa da fitilunsu, can gaba wani ya cinna wa kara wuta hayaƙi ya gitta hanya. Hayaƙin kanshi ba ka ganinshi cikin duhu. Amma fitilun da sunka riga sunka wuce shi farare ne tas, waɗanda ke bayanshi kuwa sun dusashe sun yi ja-ja. In da za ka san nisan kowace fitila, a ce ta ƙarshe mai fari tana mita 300, ta farko mai ja tana mita 350, shi ke nan ka kama hayaƙin, yana tsakanin 300 da 350. Wahalar da anka sha ta shekara ɗari a kan wagga magana duk wahalar sanin nisan fitilun ce.

Ma'aunin da zan yi ta faɗi shi ne shekarar haske, wato tazarar da haske ke ci a shekara guda yana gudun kilomita dubu 300 a sakan, ya kama kilomita miliyar 9,460. Daga rana zuwa nan minti 8 da ƴan sakanni yake yi. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, yana shekarar haske 4 da ɗan ɗori.

Hanya mafi tsufa ita ce ƙirga. Akwai wani ɗan dunƙulallen gajimare da ake kira Barnard 68, faɗinshi wajen rabin shekarar haske, nauyinshi kamar rana biyu. In ka ga hotonshi, kewaye da shi taurari ne cunkus ba masaka tsinke, shi kuwa baƙi ƙirin, ko ɗigo ɗaya babu a kanshi. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka kusa yake, don da a ce nesa yake da sai an samu taurari da dama da sunka faɗo tsakaninmu da shi suna walƙiya a kan baƙin. Kuma haka ne, yana tsakanin shekarar haske 400 da 500. Wani Bajamushe, Max Wolf na Heidelberg, ya mayar da wannan tunani lissafi a 1923. Yakan ɗauki fili biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kan gajimaren ɗaya a gefenshi inda sama take a buɗe, ya ƙirga taurari aji-aji, masu haske sosai nawa, masu bi masu nawa, haka har zuwa masu dishi-dishi. A ajin masu haske filayen biyu kan zo kunnen doki, don yawancin waɗannan a gaban gajimaren suke. Sai an kai wani aji ƙirgar da ke kan gajimaren ta fara ja da baya. Ajin da anka rabu shi ke nuna nisan, girman ratar kuma shi ke nuna kaurin ƙurar.

Dabara ce mai kyau amma tana da ɓaraka babba, taurari ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wani ya fi rana haske sau dubu goma, wani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na haskenta ba. Don haka tauraro ya yi dishi-dishi ba lalle nisa ne ya sa ba, wataƙila dama can rarrauna ne yana nan kusa. Sai ya zama amsar Wolf amsar kirdado ce, ta ce maka ɗari-ɗari ne ko dubu-dubu, amma ba ta wuce nan ba.

A 1930 Robert Trumpler a cibiyar Lick ta Kalifoniya ya gano abin da ya ƙara dagula lissafin kowa. Yana auna nisan gungu-gungun taurari ta hanya biyu, ta ƙarfin haskensu da kuma ta girman gungun a sama, sai ya ga hanyoyin biyu ba su jituwa, gungun da sunka fi nisa sai su fito kamar sun fi na kusa girma, abin da hankali ba zai ɗauka ba tunda mu ba mu zauna wani wuri na musamman ba. Bayanin da ya rage shi ne ƙurar ba a cikin baƙaƙen tabon nan kaɗai take ba, tana ko'ina cikin farar hanyar, siririya, tana rage haske sannu a hankali, a lissafinshi kusan rabin hasken ke salwanta a kowace shekarar haske dubu 3 da ɗan wani abu. Wato duk wanda ya auna nisa da ƙarfin haske kafin nan ya ƙara wa taurarin nisan da ba nasu ba.

Amma a cikin matsalar anka samu magani. Ƙurar ba ta cin launuka daidai wa daida, ta fi cin shuɗi ta bar ja ya wuce, don zangon igiyar shuɗi gajere ne, ya yi kusa da girman ƙwayar ƙurar. Shi kuma tauraro in an baje haskenshi launi-launi akwai wasu layuka a ciki da ke tona asalinshi, mai zafi ne ko mai sanyi, ƙato ne ko ƙarami, kuma ƙura ba ta goge su. To in layukan sunka ce wanga tauraro shuɗi ne amma kai ja-ja kake ganinshi, bambancin aikin ƙura ne, kuma daga yawan jan ana lissafa yawan hasken da ya salwanta. Akwai wata lamba da ake ninkawa da ita, 3.1, ita ce ta gama-gari, sai dai a tsakiyar gajimare mai kauri inda ƙwayoyin ke manne wa juna ƙanƙara ta lulluɓe su takan hau har 5, kuma nan ma wata kafa ce da kuskure ke shigowa. In an cire aikin ƙurar sai a gwada ainihin ƙarfin tauraron da yadda ya iso mana a fitar da nisanshi.

Wannan fifikon da ja ke da shi bai tsaya kan ja ba. Hasken da ke gaba da ja, infirared, wanda ido ba ya gani, ya fi ratsa ƙura sosai. Tsakiyar galaksinmu tana shekarar haske dubu 26 daga nan, wajen Ƙausu, kuma na hasken ido da ke tasowa daga can ɗaya ne kawai cikin miliyar dubu ke isowa, amma a infirared ɗaya cikin 10 ko 15 na tsira. Da aka sake ɗaukar Barnard 68 da infirared daga manyan madubai na hangen nesa da ke ƙasar Cile, sai ga dubban taurari sun ɓullo ta bayanshi, duk jajaye, kuma da jan kowanne João Alves da Charles Lada da Elizabeth Lada sunka zana yadda kaurinshi yake daga baki zuwa tsakiya a 2001.

Har yanzu dai ana jingine ne da zaton ainihin ƙarfin tauraro. Hanyar da ba ta bukatar zaton komi ita ce faralaks, kuma ita ce ni na fi yarda da ita don lissafin kusurwa ne zalla, irin wanda ake koya a lise. Miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa, rufe idon dama ka duba, sannan ka rufe na hagu, za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan bangon da ke can baya. Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Duniya tana zagaya rana, inda take a Janairu da inda take a Yuli akwai tazarar kilomita miliyan 300, su ne idanun biyu. Tauraro na kusa zai ɗan gusa a kan na nesa, daga gusawar a fitar da nisa. Friedrich Bessel ya fara cin nasara a 1838 da tauraron 61 Cygni mai nisan shekarar haske 11. Matsalar ita ce ƙanƙantar kusurwar. Ga tauraron da ke nisan gajimare mafi kusa da mu, kusurwar da ake nema ita ce ka ɗauki faɗin wata daren sha huɗu ka raba shi gida dubu 250 ka ɗauki ɗaya. Daga ƙasa, da iskar da ke sa taurari ƙyafta ido, ba ta aunuwa da kyau.

Shi ya sa anka hau sama. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan'adam Hipparcos a 1989, ya auna taurari wajen dubu 118. Ya yi aiki, amma shi ma ya taɓa jefa mutane cikin gardama, kuma a kan Kaza da ɗiyanta, wadda tsofaffinmu ke lissafin damina da ita. Hipparcos ya ce tana shekarar haske 390, sauran hanyoyi sunka ce 440 ne, kuma bambancin ba wasa ba ne don da ita ake gwada ka'idojin yadda taurari ke rayuwa. An fi shekara goma sha biyar ana ja-in-ja har sai da anka auna ta da rediyo a 2014 anka samu 444. Ashe na'urar ce ta kauce a wannan yanki.

Sai Gaia. An harba ta ranar 19 ga Disamba 2013 daga garin Kuru, a wani yankin Faransa da ke Kudancin Amurka, ta tahi ta zauna kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren da ba rana, tana juyawa a hankali tana share sama tana maimaitawa. A Afrilun 2018 anka saki faralaks na taurari miliyar 1 da miliyan 300. Daga dubu 118 fa. Ta daina aiki a farkon 2025 da gas ɗinta ya ƙare, amma har yanzu ana tace abin da ta tara. Kuma bayanan a buɗe suke kyauta, ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke da kwamfuta da isasshen mega zai iya sauke taurarin wani ɗan yanki na sama ya yi wanga lissafi da kanshi, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi ɗan fili a gefen gajimaren, ba tsakiya ba, don Gaia da hasken ido take gani kuma a tsakiya babu abin da ke ratsowa. Ka kwaso taurari ɗari-ɗari da ke filin, kowanne da nisanshi daga Gaia, kowanne da yawan jan da ya yi daga hotunan wasu madubai kamar Pan-STARRS na Hawai da 2MASS na infirared. Ka jera su daga na kusa zuwa na nesa. Za ka ga na farko-farko jansu kusan sifiri ne, suna tahiya a kwance, shekarar haske 200, 300, 400, sai kwatsam a wani wuri jan ya yi tsalle sama ya zauna can. Wurin tsallen nan ne gajimaren. In kuma anka ci gaba aka sake ganin wani tsalle a 900, to gajimare biyu ne a layi ɗaya, wani a bayan wani, waɗanda a hoto sun fito tamkar abu guda. Catherine Zucker da abokan aikinta a Harvard sun yi haka ga manyan gajimaren da ke kewaye da mu a 2019, kuskuren ya sauko wajen kashi 5 cikin 100, alhali a da yakan kai 20 ko 30.

Gajimaren burujin Sauru, wanda ke gefen Kaza a sama, yana wajen shekarar haske 450. Na Ofiyukus da ke saman Akrabu shi ma kusan haka. Na Farsiyus ya doshi 1,000. Na Oriyon, taurari ukun nan da ke jere a daren hunturu, yana tsakanin 1,300 da 1,400. Akwai kuma wani baƙin tabo a jikin taurari huɗun nan masu siffar gicciye da ke can ƙasa-ƙasa kudu, daga Maradi bai fi digiri 13 yake ɗagowa daga ƙasa ba, wajen Afrilu da Mayu da dare in hazo ya yi sauƙi, shi yana wajen 600.

Lambobin kansu ba su ne sunka fi ba ni mamaki ba, siffar da ta fito ce. Ɗaya daga cikin gajimaren Oriyon, wanda ake kira Oriyon A, a hoto tsawonshi wajen shekarar haske 130 ne. Da masana a jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sunka auna nisan jariran taurarin da ke jikinshi ɗaya bayan ɗaya a 2018, sai anka ga kanshi ne ke kusa da mu, wutsiyar ta miƙe can baya, ainihin tsawon ya doshi 300. Muna kallonshi ne a karkace duk shekarun nan. Sannan tun ƙarni na 19 littattafai ke cewa taurari masu haske da ke kusa da mu sun yi zobe sun kewaye rana, daga baya anka haɗa da gajimaren a ciki, ana kiran zoben da sunan Benjamin Gould. A Janairun 2020 da anka ɗora kowane gajimare a kan nisanshi na gaskiya, sai zoben ya wargaje, anka ga na Oriyon da Farsiyus da Sauru da wasu da dama a jere suke cikin wani dogon zare guda mai tsawon shekarar haske dubu 9, yana hawa yana sauka wajen 500 sama da ƙasan faifan galaksi. Sunka sa mashi suna Igiyar Radcliffe. A 2022 kuma anka nuna cewa mu kanmu muna cikin wani kumfa ne mai faɗin shekarar haske dubu, kusan wayam ba ƙura, wanda fashewar taurari wajen 15 ta share tun daga shekara miliyan 14 da sunka wuce, kuma gajimaren da sunka fi kusa da mu a jikin bangon kumfan suke, inda ƙurar da anka ture ta taru. Shi ya sa a lissafin da na kwatanta taurarin farko ke fitowa ba ja.

Duk wannan unguwarmu ce kawai. Faɗin galaksin ya kai shekarar haske dubu 100, kuma da ka wuce ƴan dubbai faralaks na Gaia ya fara rauni, ƙura kuma ta rufe taurarin gaba ɗaya. Daga nan sai rediyo. Haidirojin da ke cikin gajimare mai sanyi shiru yake ba ya fitar da komi, amma akwai ɗan kabon monoksaid gauraye da shi, gas ɗin nan da ke kashe mutane in an kwana da gawayi ko janareta a ɗaki rufe, shi yana fitar da igiya mai zangon milimita 2.6 wadda ƙura ba ta tarewa. Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias sunka fara kama ta a 1970 daga Oriyon. In gajimaren yana matsowa zangon ya ɗan tsuke, in yana ja da baya ya ɗan miƙe, don haka ana sanin gudunshi daidai ƙwarai. Galaksin kuma juyawa yake, rana na gudun wajen kilomita 230 a sakan tana kewaya tsakiya, kuma na ciki sun fi na waje saurin kammala zagaye. In ka yarda kowane gajimare yana bin da'irarshi tsaf, to daga gudunshi da inda yake a sama kana iya lissafa nisa.

Kalmar "in ka yarda" ɗin nan tana ɗauke da kaya masu nauyi. Na farko, in ka kalli ɓangaren cikin galaksi, layin ganinka yana yanka da'ira guda a wuri biyu, ɗaya kusa ɗaya can nesa, kuma dukansu gudu ɗaya suke bayarwa, sai lissafi ya miƙo maka amsa biyu, a ce shekarar haske dubu 10 ko dubu 35, ka zaɓa. Ana warwarewa da wasu alamu, misali in gajimaren ya fito baƙi a kan hasken infirared na galaksi to akasari na kusa ne, tunda sai abu yana gaba yake tare haske. Na biyu, in ka kalli tsakiya sak ko ka juya mata baya sak, komi gittawa yake ba ya matsowa ba ya ja da baya, hanyar ta mutu. Na uku kuma gajimare ba su da ladabin bin da'ira. Akwai wani wurin haihuwar taurari, W3(OH), da lissafin gudu ya ajiye a wajen shekarar haske dubu 14. Da anka auna shi da faralaks a 2006 sai ga shi a 6,400, ƙasa da rabi, don reshen galaksin da yake ciki gaba ɗayanshi yana gudun da ya saɓa wa da'ira. Ka tuna maganar ninki huɗu, duk nauyi da hasken da anka lissafa mashi da tsohon nisan sai da anka zaftare. Ni dai in na ga nisan wani gajimare na kan fara neman ta wace hanya anka samo shi, in ta gudu ce na riƙe ta da hannu biyu amma a sake.

Yaya anka yi faralaks ga wurin da ƙura ta rufe? Inda ake haihuwar manyan taurari akwai wasu ƙananan ɗigo da tururin ruwa ko metanol ke fitar da igiyar rediyo mai ƙarfin gaske, ana ce masu mazer, kuma a cikin gajimaren suke, ba gaba ba ba baya ba, wato nan kam an samu fitila a cikin hayaƙin kanshi. Amurka tana da faranti goma na rediyo, kowanne faɗin mita 25, a warwatse daga Hawai har tsibirin Sen Kurwa na Karebiyan, tazarar kilomita 8,600, suna aiki tare tamkar madubi guda, sunan tsarin VLBA. Jafan ma tana da nata, VERA. Ana auna gusawar mazer ɗin a kan wasu fitilu na can wajen galaksi da sunka yi nisan da ba su motsi. Da haka a 2017 anka auna wani wuri a ɗaya gefen galaksi, can bayan tsakiya, shekarar haske dubu 66. Illarta ita ce ba kowane gajimare ke da mazer ba, wanda bai fara haihuwa ba shiru ne, kuma kowane awo guda yana cin shekara ana bibiya.

Akwai wata hanya da ba a samunta sai sa'a ta gifta. A Yunin 2015 wani baƙin rami mai suna V404 Cygni, wato gawar ƙaton tauraro da ta dunƙule har haske ba ya iya kuɓuta daga cikinta, da ke zuƙar gas daga tauraron da ke zagaya shi, ya yi aman hasken eksire mai ƙarfi na ɗan lokaci. An riga an san nisanshi, shekarar haske 7,800. Hasken da ya taho kai tsaye ya riga isowa, wanda ya bugi ƙura a hanya ya karkato ya makara da ƴan kwanaki don hanyarshi ta fi tsawo, sai taurarin ɗan'adam Swift da Chandra sunka ga zobba takwas kewaye da shi suna faɗaɗa kullum. Kowane zobe shimfiɗar ƙura guda ce, kuma daga faɗin zoben da yawan kwanakin da ya makara ana fitar da nisanta, ba tare da an ƙirga tauraro ko ɗaya ba.

Farantan VLBA da na Jafan duk a arewacin duniya suke, don haka ɓangaren galaksi da sai daga kudu ake ganinshi an bar shi a baya wajen awon mazer, ana cike giɓin ne da farantan Ostireliya, ga kuma babban aikin madubin rediyo na SKA da ake ginawa a Afirka ta Kudu da Ostireliya. Nan yankinmu ma akwai guda, a Kuntunse kusa da Akara ta ƙasar Gana, tsohon farantin sadarwa ne mai faɗin mita 32 da anka gyara anka mayar na falaki, an buɗe shi a 2017, kuma cikin abubuwan da ya fara kamawa a gwaji har da mazer na metanol.